Tumunina da Ya Koma Tusu'i

Maigidana ya rasu a watan Oktoban 2023, ana tsaka da yankan riɗi a Gadarif. Zazzaɓin kwana shida ne. Ya bar ni da 'ya'ya mata uku, ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa da ransu, ya kuma bar gona mai fadani 54 a kudu da gari, wadda ya shekara goma sha yana haɗa ta guntu-guntu. Fadani shi ne ma'aunin gona a nan Sudan, kowane guda murabba'in mita 4,200.

Bayan sadakar arba'in, Baba, wato surukina, ya kira malamin unguwarmu domin a raba gado kafin a je kotu a karɓo takarda. Ina ɗaki cikin takaba, Yaya ne ya zauna a madadina. Da aka watse ya shigo ya karanto mini: Baba fadani 8, Inna, wato surukata, fadani 8, yara su uku fadani 32, ni kuma fadani 6.

Babu matar Bahaushe da ba ta san tumunin takaba ba, ko da ba ta taɓa riƙe allo ba. Kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya. Da dare na ce wa babbar 'yata, wadda ba na faɗin sunanta, ta raba mini 54 gida takwas. Ta ce shida da rubu'i uku. Na ce ta sake, ta sake, amsar ba ta canja ba. To ina rubu'i ukun fadani ya shiga?

Ban ce wa kowa komai ba. Ina za a ji matar da ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba tana ja-in-ja da surukai a kan gona? Amma zargi ya kwanta mini a rai, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya riƙa gaida dattijo da safe yana tunanin an zambace shi da sanin dattijon. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba ni da yadda zan bincika. Lissafi ne, ni kuwa tun ina 'yar shekara goma muka raba gari da shi.

Na yi makarantar asas, wato firamare, a shekarun 1990, lokacin tana da aji takwas. A gida Hausa muke yi, a aji Larabci, kuma ban sha wahalar haddar jadawalin ninkawa ba, don kan da ya saba da allo ba ya tsoron hadda. Wajen kusur, wato lissafin gutsattsarin lambobi, nan ne tafiya ta tsaya. Ina tuna ranar da aka fito da ni gaban allo aka ce in haɗa rabi da sulusi. Na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na rubuta biyu bisa biyar. Na sha bulala uku a tafin hannu, aka ce "wahhidil maƙamat", a daidaita lambobin ƙasa, aka rubuta amsa, aka wuce. Babu wanda ya gaya mini dalilin da ya sa nawa ya zama kuskure. Daga nan na ɗauka cewa ilimin riyadiyyat, wato lissafi, wasu dokoki ne da aka ɓoye mabuɗinsu a wurin masu wata irin ƙwaƙwalwa. Da na shiga sanawi, wato sakandare, na zaɓi ɓangaren adabi don in guje masa, can ma na iske ɗan rabonsa yana jirana, kuma shi ya ja mini sakamako ƙasa a Shahada Sudaniyya, jarrabawar kammala sanawi. Aure ya zo, na rufe littafi.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu, yara suna gida. A watan Disamba Wad Madani ta faɗi, mutane suka kwararo Gadarif, azuzuwa suka koma wurin kwanan masu gudun hijira, gidan da yake da rumfa ma sai da ya karɓi baƙi. Cikin waɗanda suka sauka a gidan maƙwabciyata akwai wata baiwar Allah da ta girme ni, Bahausa 'yar asalin Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta shekara ashirin da wani abu tana koyar da riyadiyyat a sanawin 'yan mata. Da jakar hannu ɗaya ta fito daga Madani. Kowa Ustaza yake ce mata. Takan leƙo da hantsi ta taya ni zama, mu sha jabana, wato gahawa, wata rana bakina ya suɓuce na gaya mata abin da yake damuna.

Ba ta nemi takarda ba, da ma'aunan hatsinmu ta fara, ardabi da kaila. Ta ce, "Ƙanwata, ardabin dawa kaila nawa ne?" Na ce goma sha biyu. Ta ce rabinsa fa? Shida. Sulusinsa? Huɗu. Ta ce, "To in na ba ki rabin ardabi, na ƙara miki sulusin ardabi, kaila nawa kika samu?" Na ce goma. Ta ce, "Goma cikin goma sha biyu. Biyar bisa shida ke nan. Kin haɗa rabi da sulusi, kuma kin daidaita maƙamat tun ban ce miki ba."

Na daɗe ban yi magana ba. Wannan lissafin ina yin sa duk kaka, ina yin sa in za a fitar da zakka, ina yin sa in za a auna wa 'yan ƙwadago. Rabi da sulusi ba sa haɗuwa sai an farfasa su zuwa ma'auni guda, kaila ce take yin wannan aikin a rumbu, lambar ƙasa kuma take yin sa a takarda. Sai ta mayar da ni kan biyu bisa biyar ɗina na yarinta, ta ce in duba da kaina: biyu cikin biyar ai bai kai rabi ba. Ta yaya mutum zai riƙe rabi, a ƙara masa wani abu, ya koma ƙasa da rabi? Da malamin nan ya yi mini wannan tambaya ɗaya maimakon bulala uku, da wataƙila rayuwata ta bi wata hanya. Har yau in na tuna raina yakan sosu, saboda na san akwai yara da yawa da ake kora daga lissafi ta wannan ƙofar.

Washegari ta zo da ƙwallayen dabino a ƙulle a bakin tobinta. Ta ce a gadonmu akwai tumuni, akwai sulusi biyu, akwai sudusi, saboda haka muna neman ƙaramar lambar da takwas da uku da shida duk suke raba ta ba saura. Na gwada goma sha biyu, takwas ta ƙi. Na gwada goma sha shida, uku ta ƙi. Ashirin da huɗu ta karɓi kowa. Ta ƙirgo ƙwallaye 24 ta zube a tabarma ta ce in sallami magada da hannuna. Na ware nawa tumuni, uku. Na ware wa yara sulusi biyu, goma sha shida. Na ba Inna sudusi, huɗu. Na juyo zan ba Baba nasa huɗun, sai na iske ƙwallo ɗaya tak ya rage.

Na sake ƙirgawa sau biyu. Uku da goma sha shida da huɗu da huɗu, ashirin da bakwai. Rabon da aka yanka wa kowa ya fi dukiyar yawa. Da za a ba kowa cikakken nasa a gonarmu, sai an samo fadani 60 da rubu'i uku, alhali 54 ce a ƙasa.

Ustaza ta ce, "Nan iyakata. Lissafi nawa ne, hukunci na malam ne." Na aiki Yaya ya roƙi malam, ya zo ya zauna a ƙofar ɗaki. Na ce, "Allah gafarta malam, ƙwallayena sun kasa." Ya yi murmushin da nake jin sa a muryarsa, ya ce ai ba ni ce farkon wadda suka kasa wa ba. Ya ce rabe-raben gado suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma a zamanin Sayyidina Umar aka fara cin karo da irin wannan, mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu, miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, uku da huɗu cikin shida, bakwai ke nan. Umar ya yi shawara da sahabbai, aka tsaya a kan a ɗaga asalin, wato lambar da ake raba gadon a kanta, daga shida zuwa bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, kamar yadda ake yi wa masu bin bashi in dukiyar mamaci ba ta isa ba. Sunan wannan auli. Ya ce Ibn Abbas yana da wani ra'ayi daban, amma mazhabobi huɗu a kan aulin suke. Ya ce asali uku ne kawai suke yin auli: shida takan hau har zuwa goma, goma sha biyu takan koma 13 ko 15 ko 17, ashirin da huɗu kuwa sau ɗaya take hawa, zuwa 27. Mas'alarmu ma har suna gare ta, Mimbariyya, domin an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali ita yana kan mimbari, ya amsa nan take cewa tumunin matar ya koma tusu'i.

Uku cikin ashirin da bakwai, ɗaya cikin tara. Na koma kan tabarma na ƙara ƙwallaye uku. Fadani 54 a raba 27, kowane ƙwallo fadani biyu. Nawa uku, fadani shida. Sai na yi abin da ban taɓa tunanin yi ba tun farko, na lissafa na sauran. Sudusin 54 tara ne, Baba takwas ya karɓa. Inna ma haka. Yara 36 ya kamata, 32 suka samu. Kowa an rage masa kashi ɗaya cikin tara na rabonsa. Ni da nake kwana da zargi a kan rubu'i uku, dattijon da nake zargi cikakken fadani ya rasa, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Da yamma da ya shigo duba jikokinsa na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, na yi maka mummunan zato." Na gaya masa komai. Ya ce, "'Yata, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da kin tambaya tun ranar ai da kin huta." Gaskiya ya faɗa, sai dai da na tambaya a ranar, amsa zan karɓa don kunya, zuciyata ba za ta karɓa ba. Sai da ƙwallayen suka ƙare a hannuna.

A nan ya kamata maganar ta tsaya, tunda buƙata ta biya. Amma akwai saura fadani 32 tsakanin yara uku, kuma uku ba ta raba 32. Na zauna da shi ni kaɗai bayan sallar isha'i, da fitilar waya, har na fito da goma da sulusi biyu. Ustaza ta ce Misirawa suna raba fadani gida 24, kowane gida kirati, saboda haka kowace yarinya fadani 10 da kirati 16. Ashirin da huɗun nan dai ta sake dawowa, kuma na gane dalili: biyu, uku, huɗu, shida, takwas da goma sha biyu duk suna raba ta. Daɗin da na ji a daren nan ban san irinsa ba tun rasuwar maigidana, har na ji kamar na yi laifi. Da safe na ce wa auta ta kawo mini littafinta na riyadiyyat.

Daga na aji huɗu na fara. Tsarin da muka yi da Ustaza mai sauƙi ne: bayan sallar asuba in yi tambayoyi goma, da hantsi ta duba, kuma ba ta yarda in ce "haka dokar take" sai na faɗi dalili da Hausa. Wannan sharaɗi na Hausa shi ya fi komai wuya, shi kuma ya fi komai amfani, domin da Larabci ina iya maimaita abin da na haddace ba tare da na fahimta ba, da Hausa kuwa ba ni da abin da zan ɓuya a bayansa. Raba lamba da kasar, wato gutsuren lamba, ya cinye mini mako biyu. An ce a juya na biyun a ninka, na ƙi yarda, na yi ta kuskure, har wata rana na tura littafin ƙarƙashin angareb, gadon kwana na igiya, na ce na bari. Kwana uku ban taɓa shi ba. Abin da ya dawo da ni sukari ne. Ina ƙulla shi rubu'in ratali, wato ma'aunin nauyi, a leda don sayarwa a ƙofar gida, sai na ji ina tambayar kaina ƙulli nawa ratali uku zai ba ni. Goma sha biyu. Uku a raba da rubu'i ashe tambaya ce: rubu'i nawa ne a cikin uku? Shi ya sa amsar take fin ukun yawa, shi ya sa ake ninkawa da huɗu.

Babbar 'yata ta so ta taimaka, amma ba mu jitu ba da farko. Tana da sauri, takan karɓe alƙalami ta ce, "Umma, kawo ki gani." Sai da na ce mata in ta ƙara karɓe mini alƙalami zan daina zama da ita. Daga baya ita ce ta riƙa kawo mini nata, domin ta lura tambayoyina na "don me" suna tono mata wuraren da ita ma hadda ce kawai ta yi.

Na gama takaba a Fabrairu, na shiga jabru, inda ake sa haruffan sinun da sadi a madadin lambar da ba a sani ba. Nan ne tsohon tsorona ya fi yawa, nan kuma Ustaza ta ba ni labarin da ya sa na ji ilimin na gidanmu ne. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na jabru da muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma ya bayyana tun a gabatarwa cewa ya yi shi ne don abin da mutane suke bukata a gado da wasiyya da rabo da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa. Babban kaso na littafin mas'alolin wasiyya ne. Babu sinun babu sadi a ciki, da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'i", wato abu. Kalmar kasar karaya take nufi, jabru kuwa ɗori. Daga sunan littafin Turawa suka samo aljebra. Ta zana mini shahararriyar mas'alarsa a ƙasa da tsinke: wani abu an ninka shi da kansa, an ƙara masa ninkinsa goma, ya ba da 39. Ta zana murabba'i, ta manna masa falle biyu masu faɗin biyar-biyar a gefe biyu, sai ga kusurwa ɗaya a buɗe, biyar sau biyar. A cike ta da 25, jimla 64, gefen babban murabba'in takwas, a cire biyar, saura uku. Na gwada: tara da talatin, 39. Na ga ɗorin da idona.

Kafin damina aka je yanka gonar, a nan karatun ya sake biyan kansa. Masu awon gargajiya igiya suke ja a gefe huɗu, su haɗa gabas da yamma su raba biyu, kudu da arewa su raba biyu, su ninka. Na kawo wa Ustaza wannan, ta ce in ɗaure karan dawa huɗu a kusurwoyi kamar bakin taga, sannan in tura shi gefe. Karan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amma filin da yake tsakiya ya tsuke. Wato gefe huɗu kaɗai ba sa faɗin girman gona, kuma wannan awon kullum ƙari yake yi, sai fa in kusurwoyin duka a miƙe suke. Wanda yankinsa ya fi karkacewa shi ake cuta ba da niyya ba, a rabonmu kuwa yankin bakin kwari, mafi karkata, auta ya faɗo wa. Maganin shi ne a ƙara jan igiya ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwar da take fuskantarta, gona ta zama alwatika biyu, ita kuwa alwatika ba ta tankwaruwa. Akwai ƙa'idar Heron na Iskandariyya: a haɗa gefe uku a raba biyu, a cire kowane gefe daga wannan rabin, a ninka sakamakon ukun tare da rabin, a ɗauki saiwarsa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadin. Na koye ta da alwatika mai gefe 13 da 14 da 15: rabin jimla 21, sai takwas da bakwai da shida, ninkinsu duka 7,056, saiwarsa 84. Na roƙi Yaya a ja igiya ta biyar. Ya ce, "Ke yanzu har awon gona?" amma ya sa aka ja. Yankin auta ya kasa da kusan rabin fadani, aka matsar da turaku.

Yanzu matan unguwa sukan kawo mini takardun gadonsu. Nakan zube ƙwallayen dabino mu ƙirga tare har mace ta ga inda rabonta ya fito, amma wane ne yake gado, wane ne aka katange, wannan na malam ne da alƙali, can nake tura su. Abin da nake gani shi ne yawancinsu ba a cuce su ba, wasu kuwa an cuce su, kuma dukkansu a duhu ɗaya suke zaune tunda ba sa iya bambancewa. Ina ganin makarantun Islamiyyar mata su haɗa babin gado da lissafinsa a zama guda, da kaila da mudu a gaban ɗalibai.

Babbar 'yata ta zauna Shahadarta a ƙarshen Disamban 2024, wadda yaƙi ya ɗage shekara ɗaya da rabi, kuma tare muka yi bitar tsofaffin tambayoyi, wasu ta ja ni, kaɗan na ja ta. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 Ustaza ta koma duba abin da ya rage na gidanta. Ta WhatsApp muke ci gaba, in aika mata hoton shafi, ta mayar mini da murya, in layi ya yarda. Ina kan littafin shekarar farko ta sanawi.

Kwanan baya Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a rumfa tana jan carbi, ta ce in matso kusa. Ta ce ta tambayi malam, ya ce mutum yana iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, ita kuwa tana da 'ya'ya maza da rai, saboda haka 'ya'yan marigayi ba su cikin magadanta. Ta ce, "Ba ni da komai sai fadani takwas ɗin nan na ɗana. An ce ke kika iya. Sulusinsa nawa ne?"

Na ce, "Fadani biyu da kirati goma sha shida, Inna."

Ta ce, "To ɗauko takarda ki raba wa yaran gida uku, kafin Malam ya zo da shaidu bayan la'asar."